Bukka Mai Fiffike Huɗu

A wajenmu idan abu ya kai girma sai a ce masa cong. Kakanka na wajen uba cong ata ne. Kogin da ke tafiya da tumaki idan ƙanƙara ta narke, shi ma cong ne. Gidan da aka haifi maza, wanda ake komawa ranar salla, babban gida ne ko da rufinsa na yoyo. Mutumin da ya samu kujera a ofis kuwa ba a ƙara masa komai, cong kawai ake cewa, a ɗaga gira sama. Karatuna bai yi nisa ba, amma wannan kalma na san ta ciki da waje, don tun ina yarinya nake jin ta a bakin wan mijina. Ba ya buɗe baki ba ta faɗo ba.

Matar ƙane ba ta kiran sunan wan miji. Tun ranar da aka kawo ni gidansu Babban Yaya nake ce masa, shi kuma yana ce min kelin, amarya, har na yi furfura. Amma rubutawa ba kira ba ce, don haka ga shi na rubuta: Turdakun.

Turdakun ya yi aiki a wani ofis a birni har ya gama. Motarsa babba, hularsa ta fi ta kowa tsawo, gidansa akwai ɗakunan da ba wanda ya taɓa kwana a ciki. Idan zai kawo mana tsarabar kankana sai ya zaɓi wadda mutum ɗaya ba ya iya ɗauka, a yanka a tarar cikinta fari, salam, a ba shanu. Ƙanensa Esenkul, mijina, gajere ne siriri, makiyayin tumaki. Maganarsa ma gajera ce. Idan wan nasa ya fara zuba, sai ya sunkuyar da kai yana gyara igiya.

Bukkar ulu da fiffike ake auna ta, wato yawan saƙar sandunan da ake jerawa su zama bango. Tamu mai huɗu ce. Ni da mahaifiyata da ƙannena muka kirɓa gashin tumakin da aka rufe ta da shi, kafin aurena, har gwiwar hannuna ta sale. Duk shekara idan ɗumi ya shigo mu ɗora ta a kan dawaki mu hau dutse da tumaki, idan sanyi ya kama mu sauko ƙauye mu naɗe ta mu ajiye. A cikinta na haifi autata Kenjegul.

A shekarar da ciwon ya ci ƙarfin Esenkul bai hau dutse ba. Amma ya sa aka fito masa da sandunan bukkar tsakar gida, ya zauna a rana yana kankare su ɗaya ɗaya, yana shafa musu jan fenti, yana hutawa yana tari. Na ce masa, "Wannan wahala ta mene ce? Wa zai gani?"

Ya ce, "Ni zan kwanta a ƙarƙashinsu. Kada mutane su zo kuka su ɗaga kai su ga ruɓaɓɓen itace."

Na ce ya rufe min baki. Ya yi dariya, ya kira sunana ya ce, "Batmakan, a cikinta fa. Ba a ta kowa ba."

Iyakar wasiyyarsa ke nan. Bai yi maganar tumaki ba, bai yi maganar gida ba.

Ya cika da safe, a farkon sanyi, ƙanƙara ta riga ta rufe kawunan duwatsu. Turdakun ya riga ya zo tun da aka ce jikin ya yi tsanani, yana zaune a ɗakin baƙi da waya a kunne. Maƙwabta kuwa ba sai an gaya musu ba. Mamaci ba ya kwana a ɗakin bulo, bukka ake kafa masa a tsakar gida, can ake masa kuka, can ake masa wanka, daga can ake ɗaukarsa. Kafin in gama ɗaure masa haɓa sun fito da kayan, sun tsayar da bango, suna ɗaga zoben itacen da ke riƙe rufi.

Sai na ji muryar Turdakun a waje.

"Kai, mene ne wannan? Akurkin kaji kuke kafawa?"

Wani maƙwabcinmu ya ce, "Bukkar marigayi ce, ake." Haka muke kiran namijin da ya girme mu, kamar a ce yaya.

"Ku sauke. Ku sauke, na ce! Kun san su wa za su zo?"

Na fito bakin ƙofa. Ban dube shi ba, ba a duban wan miji ido cikin ido. Na dubi takalminsa na ce, "Babban Yaya, shi ya ce a cikinta."

"Kelin, ke koma ki yi kukanki, wannan maganar maza ce. Daga birni manyan mutane za su taso. Su zo su tarar da ƙanena a kwance cikin kwando? Gobe in dubi wa?"

"Da hannunsa ya shafe sandunan."

"Ya shafe don ba shi da wata. Yanzu ina raye. Na yi waya garin Narin, za a kawo mai fiffike goma sha biyu. Za a yi wa Esenkul babbar jana'iza, wadda garin nan bai taɓa gani ba. Bai ga girma da rai ba, bari ya gani yau."

Kenjegul ta ce, "Baffa, ai tsakar gidan ba zai ɗauka ba."

"Ke kuma wa ya sa da ke? Uwarki ba ta koya miki yin shiru ba?"

Maganar Turdakun ce ta zauna. Shi ne babban gida, shi ne babban ɗa. Ya ce kada a yi asarar aikin da aka fara, a kai bukkar bayan gida kusa da garken tumaki, a zuba naman dokin da za a yanka a ciki, mata su yi yanke-yanke a can. Ina tsaye aka ɗauke ta. Bukkar da mijina ya roƙa ya kwanta a ciki, aka mayar da ita ɗakin nama.

Esenkul ya yini a ƙasan ɗaki, gefen murhun da aka kashe, yana jiran mota.

Su kuwa masu gaisuwa ba su san da wannan ba. Namiji idan ya zo gaisuwar mutuwa, tun daga nesa yake fara kuka da murya, bai tsayawa sai ya kai jikin bukka, ya dogara da sandarsa, ya fuskanci bangon da mamaci ke kwance a bayansa. Makiyayan da suka taso daga kwari ta baya suka shigo, bukka ɗaya suka gani a tsaye. Suka jeru a jikinta, dattawa masu farin gemu, suna rusa kuka, "Wayyo ɗan'uwana, ina zan sake ganinka!" A ciki kuwa haƙarƙarin doki ne a rataye, da mata suna yanka albasa. Cikin matan ba wadda ta iya leƙowa ta gaya musu.

Turdakun ya fito a guje, hularsa na neman faɗuwa. "Ba nan ba ne! Ba nan ba ne, bayin Allah!"

"To ina ne?"

Ya rasa inda zai nuna. Ya nuna fili.

Ulkan apa, wato inna Ulkan, gwaggonsu, ƙanwar mahaifinsu, tsohuwa ce da ba ta da haƙori ba ta kuma da tsoro. Tana zaune a bakin ƙofa ta ce, "Ka bar su mana, Turdakun. Dokin ma ba wanda ya yi masa kuka."

Sai da rana ta karkata motar ta iso. Mai bukkar wani ne Samagan, ƙosasshen mutum da baƙin tabarau. Ya sauko ya auna tsakar gidan da ido ya ce ba za ta shiga ba. Turdakun ya ce za ta shiga. Aka kawo diga aka rushe katangar da Esenkul ya gina, daga ƙofa har kwana. Bai isa ba. Aka sare rassan tuffa na ɓangaren gabas. Sai ga ta ta zauna, rabinta a gida rabinta a kan hanya, masu wucewa da jaki sai sun ratse.

Ban taɓa ganin irinta ba. Sandunanta na ƙarfe ne, da kusoshi ake ɗaure su. Rufinta wani farin yadi ne mai sheƙi, an buga masa zane da inji, ba gashin tunkiya ko ɗaya a jikinsa. An shimfiɗa mata daɓen katako, an manne darduma a kai. A tsakiya wata fitila ce mai rassa kamar bishiya ta sauko daga sama. Turdakun yana zagayawa hannu a baya yana tambayar kowa, "Yaya? Kun ga babba ko?"

Aka shigo da Esenkul aka kwantar da shi a hagu, ɓangaren maza, aka ja labule. Da na dube shi kafin a rufe, sai ya zama kamar yaron da aka manta a masallaci.

Aka zaunar da ni inda matar mamaci ke zama, fuskata a bango, bayana ga ƙofa, hannuwana a ƙugu. Ba a juyowa, sai an fita da shi. Daidai saitin idona, a jikin ƙarfen, akwai wani jan ƙyalle da aka yanka kamar zuciya, ragowar bikin da aka yi a cikinta kafin mu. Shi na yi ta kallo.

Na fara waƙar kuka. A bukkar ulu, idan ka ɗaga murya bango na riƙe ta, matan da ke bayanka su karɓa, kukan ya zama ɗaya. A nan sai muryata ta tashi sama ta ɓace a wajen fitilar nan. Matan da ke can ɗaya gefen ba su ma jin me nake faɗa, sai suka koma hira ƙasa-ƙasa. Ga sanyi. Yadin nan ba ya tare komai, iska na shiga ta ƙasa, ƙarfen kamar ka taɓa ƙanƙara. Mai ita ya hana a shigar da murhu, wai hayaƙi zai ɓata farin. Tsofaffi suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ce za ta je ta taya yanka albasa. Ina jin tashin muryoyinsu daga bayan gida, cikin bukkata, inda akwai ɗumi. Ban ga laifinsu ba. Waɗanda suka rage ni ce, da Kenjegul, da Ulkan apa ta naɗe da barguna tana zagin Turdakun a hankali kamar mai jan carbi.

Washegari manyan suka zo. Na ji motocinsu, na ji yadda muryar Turdakun ta canza ta yi laushi. Ba su yi kuka daga nesa ba, takalmansu ba na tsayuwa a laka ba ne. Suka shigo har ciki suna ɗaga kai.

"Kai, Turdakun, wannan fa cong ce!"

"Fiffike nawa?"

"Ina ka samo? Ɗana zai yi aure idan ɗumi ya shigo."

Ɗaya daga cikinsu ya matso bayana ya ce, "Allah ya ji ƙan Asankul, uwa." Ko sunan bai riƙe ba. Suka tafi cikin gida suka ci nama, suka ɗauki rabonsu a leda, suka koma tun da sauran rana don hanyar dutse ba ta da kyau. Saboda waɗannan aka rushe min katanga.

Ranar binnewa, da hantsi, masu wanka suka shigo. Maza ne daga dangi da surukai, da liman. A bayan labule ake tona rami a ƙasa, a ɗora allo a kai, a kwantar da mamaci, ruwan wankan ya sauka a ramin a mayar da ƙasa. Ba a barin ruwan nan ya gudana inda za a taka. Suka zo da shebur suka tarar da darduma, ƙarƙashinta katako. Wani ya je ya kawo ƙarfen ɓanɓara.

Ban gani ba, bayana ke wajen, amma na ji shigowar Samagan.

"Kai, kai, kai! Me za ku yi? Ajiye ƙarfen nan!"

Turdakun ya ce, "Allo biyu kawai za a ɗaga, a yi wanka a mayar."

"Wanka? A ina? Ake, kwanciya muka yi da kai, ba mu yi wanka ba. Ranar Asabar amarya za ta taka nan da farin takalmi."

"To da ka kawo bukka gidan mutuwa me ka zata za a yi? Rawa?"

"Na zata kuna da inda kuke yi. Kwanciya ma sai da na yi shahada. Idan aka ji an wanke gawa a cikinta, wa zai sake kawo 'yarsa? Ka san bakin mata."

"Kai yaro, ka san ko ni wane ne?"

"Na sani, ake, kai babba ne. Duk hanya an gaya min. Amma ba za a zuba ruwa a nan ba, ko gwamna ne ya mutu."

Suka yi ta yi, a kan mijina, yana kwance a tsakaninsu. Turdakun ya ce to a kai shi cikin gida. Liman ya ce gidan ma daɓen katako ne, kuma ba a mayar da mamaci ɗakin da ya fito. Wani ya ce a kewaye da zannuwa a tsakar gida. Ulkan apa ta ce, "A wannan iskar? Ku tuɓe ɗan yayana a fili gari na kallo ta katangar da kuka rushe?" Liman ya ce rana na yi, masu haƙa kabari sun aiko tun ɗazu.

Sai na juyo.

Na san ba a yi. Na ji Kenjegul ta ja numfashi. Na juyo gaba ɗaya, na dubi Turdakun a fuska, abin da ban taɓa yi ba tun da na shigo gidansu. Fuskar ma ba wata babba ba ce.

Na ce, "Tamu ba ta da katako. Ƙasa ce a ƙarƙashinta."

"Kelin, juya! Kin san abin da kike yi?"

"Na sani. Ku kai shi inda ya ce."

"Cikin nama? Ku ji ta fa! Nama ne cike a ciki har rufi."

Ulkan apa ta buga sandarta a kan katakon. "To a fito da naman mana, kai ɗan nan! Ga wuri nan ka kawo, doki goma ma zai ɗauka. Kai mai tabarau, nama fa? Shi ma amarya za ta ƙi?"

Samagan ya ce, "Nama ba matsala, apa. Dama don shi aka yi ta."

Ba wanda ya jira ta bakin Turdakun. Mata suka yi ta jigila da kwanuka da tukwane, cinya da haƙarƙari da hanji, da buhunan soyayyen borsok, cincin ɗinmu, suna jerawa a ƙarƙashin fitilar nan mai rassa. Aka share bukkata, aka tona rami. Maza suka ɗauki Esenkul a kan dardumarsa suka zagaya da shi bayan gida, ta gefen garke, tumakinsa na kallo.

Mace ba ta shiga wajen wankan namiji, ko mijinta ne. Na tsaya a waje na jingina goshina da ulun. Yana da ɗumi, don murhun mata bai daɗe da mutuwa ba. Ina jin zubar ruwa, ina jin liman na karatu a hankali. Masu wankan ma ba duka suka samu shiga ba, sauran suka tsaya a ƙofa suna miƙa buta. Turdakun yana can gaba yana waya, ina jiyo shi yana gaya wa wani a birni cewa jama'a ta yi yawa har bukka ɗaya ba ta isa ba, sai da aka ƙara ta biyu.

Da suka gama aka kira mu mu ga fuskarsa kafin a rufe. Na sunkuya na shiga. Wurin na warin kitse da albasa, akwai ɓawon albasa ɗaya da tsintsiya ta bari kusa da kansa. Na tsince shi. Yana kwance a hagu, kansa kusa da bango, ƙafarsa ta kusa ƙofa, daidai inda shimfiɗarsa take zama a kan dutse. Haske na saukowa ta sama a kan likkafanin. Na ce masa, "Ga ka nan." Liman ya yi gyaran murya, aka ja ni waje.

Duk zamansa a ciki bai wuce a dafa shayi a sha ba. Kwana da kwanaki ya kamata ya yi. Wannan ɗan lokacin ne kawai na iya ƙwato masa, shi ma ba don an ji maganata ba, don amaryar wasu ce da ban sani ba.

Aka yi masa salla a kan hanya, maza suka tafi da shi. Mata ba sa zuwa maƙabarta. Kafin su dawo Samagan ya fara kwance kusoshinsa, aka sake kwashe nama zuwa cikin gida.

Ni kuwa na koma bayan gida na shiga. Inda aka mayar da ƙasar ramin yana da danshi, ya yi duhu. Kenjegul ta kawo shimfiɗa za ta rufe wurin, na ce ta bari tukuna. Na zauna kusa da shi na fuskanci bango, na sa hannu a ƙugu. Matan suka biyo ni suka cika ta, gwiwa na gugar gwiwa, wasu a tsaye a ƙofa. Na ɗaga murya daga farko, daga ranar da ya zo neman aurena a kan aron doki, suka karɓa.